Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Muryar Obo Rawa, da Yadda Ake Gyara Ta

Obo shi ne algaitar Turawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ranar hawan Sallah ya ga mai algaita ya kumbura kumatu, to ya riga ya san tushen aikin: fallen kara biyu ne a haɗe, iska ta ratsa tsakaninsu su yi karkarwa, sauti ya fita. Sai dai mai algaita shi da makaɗansa ne, shi ke jan ragama. Mu kuwa a tsakiyar 'yan badujala muke zaune, ga kilarinet a dama ga sarewa a hagu, in muryarka ta kauce ko da ƙiris ne kowa zai juyo ya kalle ka. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi, a manyan ƙungiyoyin kiɗa mai obo ne ke busa sautin A kowa ya daidaita nasa da shi.

Matsalar da sababbin shiga suka fi kawo mini ita ce: "Oga, obon nan ba ya tsayawa. Yanzu ya hau, an jima ya sauka." Kuma kusan kullum sai in tarar sun riga sun kai hannu kan sukurori. A nan ake yin gyaran gangar Auzinawa. Akwai jerin da ake bi wajen zargi: yanayi, sai harshe, sai bakinka, sai ruwa da yoyon iska, sukuru shi ne na ƙarshe. Da wannan jerin zan bi da kai.

Kalmomi uku kafin mu fara. Harshe shi ne fallen karan nan biyu da aka ɗaure da zare a kan ɗan bututun ƙarfe, wanda 'yan badujala ke kira rid. In na ce sauti ya hau ko ya sauka, abin da ake kira shaf da filat nake nufi. Senti kuwa ma'auni ne: tsakanin sauti da maƙwabcinsa na kusa, kamar C da C#, senti 100 ne.

KAYAN AIKI

Na'urar auna sauti. In babu, manhajar waya ta wadatar, ka tabbata dai an saita ta a 440 (karkarwa 440 a daƙiƙa), wato A ɗin da aka yi ittifaƙi a kansa a taron Landan na 1939.

Harsuna aƙalla uku. Da harshe ɗaya ba za ka taɓa sanin inda laifin yake ba.

Ɗan ƙoƙon ruwa mai ɗumi kaɗan, ko da wankakkiyar kwalbar magani ce.

Wuƙar kankare harshe, sabuwar reza, guntun katako mai tauri da santsi na yanka, da ɗan siririn fallen ƙarfe da ake zurawa tsakanin karan biyu lokacin kankara. In ba ka da fallen, ka yanko daga siririyar roba mai tauri ka goge gefunanta su yi sumul.

Takardar naɗa taba marar gam. Wannan ba ko'ina ake samunta ba. Zaren tsohon kaset yana yin aikin daidai, ni ma shi nake riƙewa.

Ƙaramar sukudireba irin ta masu gyaran agogo ko waya, akwai su a kasuwar Wunti. Ka je da obon ka gwada bakinta ya zauna cif a kan sukurun, domin wadda ta yi ƙanƙanta cinye kan sukuru take yi.

Sai farin tef na masu gyaran famfo, ƙyallen share ciki ko gashin talotalo, rula mai milimita, littafi da biro.

MATAKI NA 1: KA BAR OBON YA ƊUMAMA

Iska mai zafi tana ɗaga sauti, mai sanyi tana saukar da shi. A lissafi, kowane digiri ɗaya na zafin iskar da ke cikin obo kusan senti 3 ne. Ka auna da yanayinmu: safiyar hunturu a Janairu hannu na karkarwa, rana ɗaya a Afrilu kuwa ƙarfen maɓallan ma zafi yake yi. Obon da ya sauka da asuba ya hau da hantsi lafiyarsa ƙalau.

Ka sa gaɓar sama, wato sashen jikin obon da harshe ke shiga, a hammatarka minti biyar, sannan ka yi busa ta minti goma kafin ka kalli na'ura. Kada ka hura numfashi mai ɗumi cikin katako mai sanyi da sunan ɗumamawa. Cikin zai kumbura, wajen yana nan a takure, ta haka katako ke tsagewa.

MATAKI NA 2: KA RUBUTA ABIN DA KE FARUWA

Ka busa kowane sauti daga B♭ na ƙasa har C na sama, kowanne ka ja shi kamar daƙiƙa takwas. Dabarar ita ce ka rufe ido ka busa yadda ka saba, sai sautin ya zauna sannan ka buɗe ka duba. In kana kallon allurar tun farko, leɓenka zai riƙa gyarawa ba ka sani ba, ka yaudari kanka. Mafi kyau wani ya riƙe wayar yana rubutawa.

Abin da ka rubuta zai faɗa cikin ɗayan uku. Ko dukkan sautukan sun karkata gefe ɗaya, wannan harshe ne ko baki. Ko na ƙasa sun zauna, na sama suna zubewa ko suna tsalle, wannan ma galibi harshe ne. Ko kuma sauti ɗaya ko biyu ne kawai ke kaucewa kullum, ko ƙasa da wani maɓalli komai ya ƙi fita da daɗi, a nan ne ake fara zargin jikin obon.

Ka sani kowane obo yana da halinsa na gado. Sautukan can ƙasa suna son sauka, E na tsakiya yana son hawa, C na tsakiya kuwa ɗan iska ne, duk inda ka tura shi zai tafi. Senti biyar zuwa goma a irin waɗannan wurare aikin kunne da leɓe ne, ba na wuƙa ba.

MATAKI NA 3: KA CANZA HARSHE KA SAKE

Ka jiƙa sauran harsunan biyu, ka maimaita gwajin. In matsalar ta canza kama daga harshe zuwa harshe, an wanke obon. In tana nan a wuri ɗaya da duka ukun, ka tsallaka zuwa mataki na 6. In da wani mai busa obo kusa, ka ba shi naka ya busa da harshensa. Na san a garin nan ba mu da yawa, amma minti biyar da shi ya fi mako guda kana lalube.

MATAKI NA 4: KA BINCIKI HARSHEN SHI KAƊAI

Jiƙo tukuna. Ka tsoma ɓangaren karan cikin ruwa minti biyu zuwa uku, da hunturu ka kai biyar. Miyau kaɗai ba ya isa, kuma yana saurin tsofar da kara. Harshen da bai jiƙu ba a tsuke yake, sautinsa a sama. Wanda aka manta da shi a ruwa rabin awa kuwa zai wangale baki ya yi nauyi ya sauka. Da yawa daga cikin "rawar" da ake kuka da ita a nan take: ka fara da jiƙaƙƙen harshe, ka ajiye shi lokacin da ake jawabi, iskar hunturu ta busar da shi cikin 'yan mintuna, ka ɗauka ka ji wani abu dabam.

Sai ka ɗaga shi ga haske. Kana neman tsaga, ko da siririya ce kamar gashi, musamman daga tsini zuwa ƙasa. Tsagaggen harshe yakan sauka farat ɗaya kuma ba ya gyaruwa. Ka jefar. Ka kuma dubi bakinsa ta gaba: ya kamata ya yi kamar ƙwayar ido a kwance, buɗewarsa a tsakiya ba ta kai milimita ɗaya ba, gefunan biyu a manne.

Yanzu gwajin yoyo. Ka toshe ƙarshen bututun da yatsa, ka sa tsinin a baki ka hura. In ka ji iska na fita ta gefe kusa da zaren, ka naɗa farin tef zagaye biyu a wurin, kada ya haura kan inda aka kankare.

Na ƙarshe, ka sa shi ya yi cara. Ka zura harshen a baki har leɓenka ya kai kan zare, kada ka matse, ka hura a hankali kana ƙara ƙarfi. Harshe mai lafiya zai fara da siririn C, sannan wani C na ƙasa ya shigo su tafi tare. In carar ta tsaya a B ko ƙasa da haka tana kaɗe-kaɗe barkatai, harshen ya sauka kuma ba shi da riƙo. In ta haura C# da siririyar murya ɗaya tak, ya tsuke ko ya yi tauri. Harsunan da ake kankarewa gajere irin na Turai carar su takan ɗan bambanta da dogon kankare irin na Amurka, don haka ka riƙe carar harshenka mafi kyau a matsayin ma'auni.

MATAKI NA 5: GYARAN HARSHE

Nan ne aikin yake, kuma nan ake asara. Harshe daga Legas ko Abuja ake aiko mana da shi, wani lokaci daga waje, kuɗinsa ba wasa ba. Karan da ake yin sa ma akasari daga kudancin Faransa yake fitowa. Don haka ka fara koyo da tsofaffin da ka riga ka fid da rai da su. Kuma duk abin da za ka yi, a jiƙe za ka yi shi. Busasshen kara ko matsa shi ka yi sai ya fashe.

In harshen ya sauka. Ka fara da abin da ba ya buƙatar wuƙa: ka kama bayansa, sama kaɗan da zare, tsakanin babban yatsa da manuni, ka matsa a hankali ka riƙe 'yan daƙiƙu don bakin ya ragu. Ka gwada. In bai isa ba, sai yanka tsini. Ka kwantar da tsinin a kan katakon, ka ɗora reza a miƙe, ka datse abin da bai fi kaurin gashi ba. Da gaske nake, in kana iya ganin abin da ka yanke daga nesa, ka yi yawa. Ka sa ya yi cara, ka sa a obo, ka duba na'ura. Gara ka yanka sau uku ƙanana da ka yanka sau ɗaya ka yi da-na-sani. Ka riƙa aunawa da rula: bututu yawanci milimita 47 ne, harshe gaba ɗaya tsakanin 70 da 72 gwargwadon irin kankararsa. In ka gangara ƙasa da 69, sautukan sama za su fara rabuwa da na ƙasa.

Bayan yanka, tsinin yakan yi ɗan nauyi. Ka zura fallen tsakanin karan, ka kankare kusurwoyin tsinin biyu kaɗan kaɗan, wuƙar tana tafiya waje, kuma abin da ka yi wa fuska ɗaya ka yi wa ɗayar daidai. Ƙura za ka gani a bakin wuƙa, ba ɓarɓashi ba.

In harshen ya hau. Ka ƙara masa jiƙo, ka matsa gefunansa biyu a hankali bakin ya buɗe. In harshen mai siririyar wayar ƙarfe ne a ɗaure, matsa wayar ta gefe yana buɗe shi, ta sama da ƙasa yana rufe shi. Tsohon harshe kuma datti ke taruwa a cikinsa, ka zuba ruwa ta bututun ya wanke. In duk da haka yana da tauri har sai ka cije kafin ya yi magana, ka kankare ƙirjinsa, wato wurin nan mai kauri da ke bayan tsini, amma ta gefe da gefe. Tsakiyar ƙirji da layin da ya bi tsakiyar baya su ne ƙashin harshen. Ka cinye su, za ka samu harshe mai sauƙin busa da murya mai daɗi na kwana ɗaya, sannan A da B da C na sama su zube, ba kuwa abin da zai ɗaga su. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, kuma ni ma na yi shi ba sau ɗaya ba.

Wani abu da ake yawan yi: a zaro harshe daga raminsa don sauti ya sauka, kamar yadda masu kilarinet ke zaro wuyan nasu. A obo wannan yana barin gurbi a cikin hanyar iska, sai wasu sautuka su sauka da yawa wasu kaɗan. Milimita ɗaya a lokacin larura, shi ke nan. Wurin zaman harshe shi ne can ƙasan ramin.

Ka kuma tambayi mai sayar maka ko don wane A aka yi harshen. Ƙungiyoyi da yawa a Turai a 442 ko 443 suke busa, harshen da aka yi dominsu zai zauna sama da na abokan aikinka komai ƙwarewarka. Haka in ka hau Jos yin wasa, kada ka yi mamaki harshen da ke maka biyayya a Bauchi ya tsuke ya yi tauri. Tudun Jos ya kai mita 1,200, ninkin namu, ga sanyi. Ka tafi da mai laushi, kada ka kankare na kirkinka a can ka dawo gida ya zama tsumma.

MATAKI NA 6: KAI KANKA

Ba a son jin wannan, amma dole. Ka busa harshe shi kaɗai da leɓe a tsini yadda kake busa kullum, ka riƙe sauti ɗaya daƙiƙa goma. In allura na yawo, ba obo a wurin balle ka zarge shi. Cizo yana ɗaga sauti, haka cusa harshe da yawa a baki. Raunin iska daga ciki yana saukar da shi. Mai koyo in ya gaji sai ya cije, shi ya sa rabin awa na farko yake daidai, daga nan ya yi ta hawa. Ka zagaye leɓe kamar mai cewa "u", haƙora a buɗe, iska daga ciki. Kuma ka riƙa fitar da tsohon numfashi kafin ka ja sabo, domin ramin harshe ƙarami ne, iska ba ta ƙarewa, lalacewa take yi a ƙirji.

MATAKI NA 7: RUWA DA ƘURA

In sauti yana gurgura, ko ka danna maɓallin oktaf, mai kai sauti zuwa takwaransa na sama, ya ƙi hawa, ruwa ne a ɗan ramin. Ka share ciki, ka buɗe maɓallin ka hura da ƙarfi ta gefensa, ka sa takarda ƙarƙashin matoshin, wato abin da ke ƙarƙashin maɓalli yana rufe ramin, ta tsotse sauran. Kada ka ja takardar matoshi na danne. In C# da D da E♭ na tsakiya ne ke gardama, ka duba ɗan ramin da ke kan farantin manunin hagu, ƙurar hunturu da maiƙon hannu suna toshe shi. Tsinken sakace mai laushi ya isa.

Gargaɗi kan ƙyallen sharewa: ka warware shi sarai kafin ka zura. In ya maƙale a gaɓar sama, kada ka ja da ƙarfi, kada ka zura ƙarfe, ka mayar da shi ta inda ya shigo. Gashin talotalo ba ya maƙalewa, shi ya sa na fi son sa.

MATAKI NA 8: YOYON ISKA

Ka cire gaɓar sama, ka rufe maɓallanta uku da yatsun hagu, ka toshe ƙasanta da yatsan dama, ka tsotsi iskar ta ramin harshe. Ya kamata ta kama leɓenka ta riƙe 'yan daƙiƙu, ta saki da ɗan "ɗas". In ba ta kama ba sam, akwai yoyo. Haka za ka yi wa gaɓar ƙasa, sai dai ka danne maɓallan C da B na ƙasa, ka toshe ƙarshenta da tafin hannu ko cinya.

Don gano wurin, ka zura zaren kaset ƙarƙashin kowane matoshi, ka rufe da nauyin da kake busa da shi, ka ja a hankali. Ka gwada kusurwa huɗu. Inda ya zare ba tirjiya, nan ne. Ka duba mahaɗar gaɓoɓin ma: da rani katako yana tsukewa su yi lako-lako, obon ya riƙa motsi a tsakiya. Farin tef a kan abin mahaɗar zai riƙe ka kafin a canza shi. Kuma ka tabbata ƙarafan da suka haɗa gaɓar sama da ta ƙasa suna kan layi ɗaya. Karkacewa kaɗan a nan tana ɓata B♭ da C.

MATAKI NA 9: SUKURORI

Wata shekara, daren 14 ga Janairu, gobe faretin tunawa da mazan jiya, D ɗina na ƙasa ya ƙi zama. Na ɗauki sukudireba na bi sukurori biyar ina murɗawa, ban rubuta komai ba. Kafin sha biyun dare obon ko G ba ya fitarwa. Da asuba maigidana ya karɓa, ya ɗaga harshen ga fitila, ya nuna mini tsaga. Ya ce, "Yaro, ciwon na ido ne, ka je ka karya ƙafa." Awa biyu ya yi yana mayar da abin da na ɓata.

To ga ƙa'ida. Sukuru ɗaya a lokaci ɗaya. Ka zana yadda tsagar kansa take fuskanta kafin ka taɓa. Ka ɗauke shi kamar fuskar agogo, ka murɗa tazarar minti biyu ko uku kawai, ka gwada. In bai taimaka ba ka mayar da shi inda yake.

Aikin yawancinsu ɗaya ne: babban maɓalli in ya rufe, ya rufe wani ƙarami tare da shi, da nauyi ɗaya. Biyu zan nuna maka, su ne suka fi kwancewa.

Na farko, ƙananan matosan C da B♭ a gaɓar sama. Ka haɗa obon, ka danne maɓallin F# da manunin dama, za ka ga sun ɗaga. Kana danne da shi, ka danna maɓallin A: ƙaramin matoshin C ya kamata ya rufe. Ka danna na G: na B♭ ya rufe. Ka gwada babba da ƙarami da zaren kaset. In ƙaramin bai kama ba, ka ɗaure sukurunsa ƙiris. In ƙaramin ya kama gam babban kuma ya saki, ka sassauta. Wannan na obo mai tsarin Faransa ne. In naka irin na Ingila ne mai faranti a ƙarƙashin babban yatsan hagu, haɗin ya bambanta, kada ka bi wannan bayanin a kansa.

Na biyu, haɗin F# da G#. Ka busa D na ƙasa, kana cikin busawa ka taɓa maɓallin G# da ƙaramin yatsan hagu. Bai kamata sautin ya motsa ba. In ya girgiza, ka ɗaure sukurun da ke saman matoshin G# kaɗan. In ka zarce, maɓallin F# ba zai rufe ba, duk sautukan ƙasa su ɗauke. Ka ga haka, ka koma baya.

MATAKI NA 10: IN SAUTI ƊAYA YA NACE

Harshe lafiya, ba yoyo, amma sauti ɗaya kullum a sama ko a ƙasa. Sauti yana fita ne ta ramin farko da ke buɗe ƙasa da yatsunka, can za ka duba. In ya sauka, sau da yawa datti ne ya rage ramin, ko matoshin ba ya ɗagawa sosai. In ya hau, masu gyara sukan liƙa ɗan tef a gefen ramin na sama don rage shi, amma sai an cire maɓalli, kuma ban ba mai koyo shawarar ya fara da wannan ba. Wani lokaci ma canjin yatsu ne maganin: F mai rassa, wanda ake ɗaga yatsan tsakiya na dama a danne na gefensa biyu, yakan fito a shaƙe, in obonka na da maɓallin F na hagu ka yi amfani da shi.

In gaɓar sama ta ƙi riƙe iska kuma matosai duk sun kama, ka kai ta ga haske ka duba tsakanin ƙananan ramukan nan biyu na can sama da kewayen ramukan oktaf. Nan baƙin katakon nan na Tanzaniya da Mozambik da ake yin obo da shi ya fi tsagewa. Ka ga layi, ka daina busawa, kada ka ɗura masa gam mai kamawa nan take, ka nemi mai gyara ko da aikawa za ka yi. Daga Nuwamba zuwa Maris ka riƙa ajiye ɗan jiƙaƙƙen soso cikin roba mai huji a akwatin, ba ya taɓa maɓallai, ko sabon ɓawon lemo kana canza shi duk kwana biyu. In kuma yanzu za ka saya, kuma faretin waje ne yawancin aikinka, ka nemi na roba irin Yamaha YOB-241. Muryarsa ba ta kai ta katako zaƙi ba, amma hunturun Bauchi ba ya tsaga shi.